Sabon Fenti Ba Shaida Ba Ne: Nasiha Ga Mai Sayen Gidansa Na Farko

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin da za su yi sallama da gidan haya.

Na san abin da zuciya take yi ranar da aka buɗe maka ƙofar sabon gini. Ƙamshin fenti ya buge ka, tayil na sheƙi, ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Tun kana bakin ƙofa ka gama raba ɗakuna a ranka. To, daidai nan ne ake cin mutum.

Tsohon gida ya riga ya tona asirin kansa. Inda zai yi yoyo ya yi, inda zai tsage ya tsage, maƙwabta ma za su ba ka labarinsa kyauta. Sabo kuwa wataƙila ruwan sama bai taɓa dukansa ba, kai ne zakaran gwajin dafi. Ni da nake wannan magana sai da na sha kafin na gane. Ranar da muka tare, wankan farko, ruwa ya ƙi bin magudana, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa har tsakar ɗaki, domin an karkatar da daɓen banɗakin ta inda bai kamata ba. Bokiti ɗaya da na zuba ranar dubawa da ya nuna min. Ban zuba ba, ina jin kunyar kada a ce na cika ƙwaƙwa. Sai da aka fasa tayil gaba ɗaya, kuma daga aljihuna, tunda na riga na biya kuɗin duka. Wanda ya sayar min kuwa, wayarsa ta daina shiga.

Saboda haka ka ajiye kunya a gida. Ka je da rana tsaka, ka buɗe duk famfunan lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa. Ka tafi da cajar waya ka soka a kowane soket. Ka bi tayil kana ƙwanƙwasawa da makulli; wanda ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, ba zai daɗe ba zai fashe. Ka leƙa saman silin da tocila. In da hali, ka koma bayan an ɗauke ruwan sama ka ga inda yake kwanciya a tsakar gida, da ko gindin bango ya jiƙe. Sannan ka ɗauko injiniyanka, wanda kai za ka biya. Wanda mai ginin ya kawo maka, ai ka san bakin wa zai bi.

Maganar tsaga tana buƙatar natsuwa, don kada a tsorata ka a banza, kada kuma a lallashe ka a banza. Siminti yana ƙanƙancewa yayin da yake bushewa, don haka siraran tsagogi kamar gashi a jikin filasta ba abin tashin hankali ba ne a sabon gini. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, gefe ɗaya ya fi faɗi, ko wadda ta kai milimita 5, ko ƙofa ta fara cijewa. Wannan kan iya nuna cewa harsashin ginin ne yake motsi. Ka kuma tambayi kwana nawa ginin ya ɗauka. Kankare sai ya yi kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a yi ta ba shi ruwa a kwanakin farko. Ɗan kwangilar da ke sauri don ya sayar ba ya jira, fenti kuma ba ya faɗin abin da ya rufe.

Takardu, ka ba lauyanka, ya bincika a ofishin filaye ko filin na mai sayarwa ne, ko an jinginar da shi a banki, ko an ba da izinin ginin.

Masu biyan kuɗi tun gida yana kan takarda, ku sani cinikin biri a sama kuke yi. Ba na cewa kada a yi, sau da yawa ya fi sauƙi. Amma a biya kashi-kashi bisa matakin da aiki ya kai, a rubuta ranar miƙa makulli da abin da zai biyo baya in an saɓa. Gidan nuni da aka zagaya da kai, an ƙawata shi ne don ido. Naka shi ne abin da aka rubuta.

In bashi za ka ci, ka yi lissafi har ƙarshe. Ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara, na tsawon shekara 20, sai ka biya fiye da ninki biyu na abin da ka karɓa. Ga labule, ga mita, ga kuɗin kula da rukunin gidaje da ba a cika ambata ba sai an tare.

Kafin ka saki cikon kuɗi, ka jera duk aibin da ka gani a takarda, da hotuna, ku sa hannu kai da mai sayarwa. Ka nemi a rubuta wa'adin gyara, wanda a kwangilolin gini yakan kasance wata 6 zuwa 12, ka kuma riƙe wani abu, ko kashi 5 ne, sai an gyara. In ya ce ai ba a haka tsakanin mutanen kirki, ka yi murmushi ka miƙa masa biro.