Me ya sa ɗalibanmu ke tsayawa a "ai kowa da ra'ayinsa"?

A 2006 masana taurari suka taru a birnin Prag suka cire Pluto daga jerin duniyoyin da ke kewaya rana, tara suka koma takwas. Ɗalibin da ya haddace tara ya ci jarrabawa da ita, me zai ce? A amsarsa ake gane ko kimiyya aka koya masa ko hadda.

Deanna Kuhn, masaniyar halayyar ɗan Adam ta jami'ar Columbia a Amurka, ta bayyana matakan da tunanin yara ke bi game da ilimi, kuma uku ne suka fi shafar ɗan makaranta. Da farko yana ganin kowace tambaya amsarta ɗaya ce, tana cikin littafi ko bakin malam. Daga baya, galibi a shekarun balaga, sai ya lura masana na saɓani, ya yanke cewa duk ra'ayi ne, babu wanda ya fi wani. Mataki na uku shi ne ya iya auna magana da nauyin hujjarta, kuma ba kowa ke kai wa nan ba, har cikin manya.

Matakin tsakiya ya fi damuna. Shirin jarrabawar WAEC da NECO na riƙe ɗalibi a mataki na farko, ranar da littafi ya sauya kuwa sai ya faɗa na biyu babu mai jawo shi. Irinsa ne ke daidaita maganar likita da saƙon WhatsApp.

Gyaran ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. A samo gwangwani uku, a sa auduga da ƙwayar wake goma a kowanne. Na farko a bar shi bushe, na biyu a riƙa jiƙa shi, na uku a nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ɗan mai a kai don hana iska shiga. Kafin a fara, kowa ya rubuta hasashensa. Bayan kwana biyar a ƙirga.

Sau da yawa ba duka goman na biyu ke tsirowa ba: ƙwaro ya huda wasu, ko ruwa ya yi yawa sun ruɓe. A nan malamai ke ɓata darasin, su ce a rubuta goma don ya dace da littafi. Yaro ya koyi cewa abin da idonsa ya gani ba shi da daraja. Kamata ya yi a rubuta bakwai in bakwai ne, a haɗa sakamakon duk rukunonin ajin a allo, a tambaye su me ya kawo bambancin, sannan a maimaita da waken da aka tsince.

Ɗaliban sakandare kuma a ba su labarin gyambon ciki. An daɗe ana ɗora shi kan damuwa da yawan sinadarin asid, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, suka samu kyautar Nobel a 2005. A sa ɗalibai su gano wace hujja ce ta sa likitoci suka sauya magani, su kawo ta aji a tattauna.