Ranar da inuwar Dala ta tashi tafiya

Laifin duk na sukari ne, cokali 2 kacal.

An gayyace mu baje kolin zane a wani ƙaramin ɗaki cikin birnin Kano, mu 6, kowa da aikin alƙalami da tawada. Abokan duk sun zo da Rotring ɗinsu, wato alƙalamin zane na zamani mai bakin milimita 0.1. Ni kuwa na ce da kayan gida zan yi, irin na masu zayyanar allo: alƙalamin gamba da tawadar yambari. Ko ba don burga ba ma, tawadar da ke da ƙaro ba ta shiga Rotring, nan take za ta toshe shi.

Haɗa yambari ba wuya. Bagaruwa cikin hannu 2, a daddaka, a zuba a ruwa lita 1 tare da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke fita a maƙera, a tafasa har ya koma rabi, a tace da ƙyalle, a narka ƙaro cokali 1 a ciki. Baurin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi, kuma sai a hankali yake nuna. Da farko za ka ga rubutun fari-fari, sai ya sha iska ya turu. Na san haka sarai, amma gaggawa ta ci ni. Da na ga layin farko kamar ruwan shayi, sai na tuttula zuge a kai, wato ta gawayi wadda almajirai ke wankewa daga allo, na ƙara ƙaro cokali 3. Wani kuma ya ce sukari na sa sheƙi. Na zuba.

Dutsen Dala na zana a takarda mai nauyin giram 300, don ta fotokwafi mai giram 80 tana tsotse tawada, layi ya yi gashi. Inuwar dutsen duk da ɗige-ɗige na yi ta, kwana 9 ina ɗiga har wuyana ya ƙage. Wajen sa firam na tsallake abu biyu don tsimin kuɗi: kwalin da ke raba gilashi da takarda da kamar milimita 2, da kuma tef ɗin da ake liƙe bayan firam da shi. Watan Agusta ne fa, iska jiƙe take, ƙaro kuwa da ya ji danshi sai ya saki.

Ranar buɗewa ina tsaye gefe da babbar riga sai ga wani Alhaji da tabarau ya tsaya gaban Dala, hannu a baya. Ya daɗe.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ɗigon nan naka kamar mai rai."

Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, a zuci ina ƙara dubu 10 a kan dubu 40 da na rubuta. Sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"A'a, Malam, ai tafiya yake yi."

Kiyashi ne. Sun shigo ta bayan firam, sun yi layi tun daga gindin dutsen har ƙololuwa kamar masu hawa yawon Sallah, sauran sun baje a inuwar suna lasa. Wani yaro ya ƙwala wa uwarsa kira ta zo ta ga zane mai motsi, kan ka ce kwabo mutanen ɗakin duk sun bar aikin masu Rotring sun dawo kaina.

Hajiya mai ɗakin ta ce a sauke a kakkaɓe. Na kwance ƙusoshin baya, na ɗaga gilashi, na ji wani "ɓararas". Yambarin ya zauna daram, don shi cizon takarda yake yi. Zugen kuwa a sama kawai yake kwance, ƙaro ya manne shi da gilashi, ya bi shi. Dala ta rabu biyu: dutse a takarda, inuwa a gilashi, ita ma a juye, hagu ta koma dama.

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce nawa zan bar masa gilashin, don tagar shagonsa ta fashe.

Dubu 2 ya ba ni. Ya ce in wanke kafin in kai.