Gona na kusa, amma otal na jiran jirgin ruwa

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ina aiki a siton wani otal da ke gabar gabas, tsakanin Paje da Jambiani. Aikina karɓar kaya ne: in auna, in duba, in sa hannu. Ni kuwa ɗan Kura ne, cikin kwandunan tumatir na tashi, shi ya sa idona ya fi tsayawa a kan kayan gwari. Abin da ya fara ɗaure mini kai tun watannin farko shi ne, kabeji da karas da dankalin turawa da albasa, har da yawancin tumatirin da nake karɓa, duk sai sun tsallako teku. Daga Lushoto ko Iringa ko Mbeya ko Arusha, a babban yankin Tanzaniya, ake lodo su, su kwana a hanya zuwa Darussalam, a zuba su a jirgin ruwa, a sauke a tashar Malindi da ke birnin Zanzibar, sannan mota ta kawo mana. Alhali in ka hau babur ka yi yamma, kafin awa guda kana tsakiyar gonaki kore shar.

A gida, manomin Kadawa ko Garun Malam sai tumatirinsa ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya isa Mile 12 a Legas, kuma kowa ya san abin da ke zubewa a hanya. Da na zo nan sai na ce ai waɗannan sun huta, tunda ga mai saye a bakin ƙofa. Mutanen Zanzibar ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2022, amma a 2023 baƙi sama da 600,000 suka shigo yawon buɗe ido, kuma kowannensu sau uku zai ci a rana. Ashe kusanci kaɗai ba ya ƙulla ciniki.

Dole in yi wa otal adalci a wasu wurare. Dankalin turawa da karas kayan sanyi ne, tsaunukan babban yankin Tanzaniya sun fi dacewa da su. Gabashin Unguja kuma dutsen murjani ne, ƙasar ba ta da zurfi, sai a yamma da tsakiya ake samun ƙasa mai kyau. Amma tumatir fa? Tattasai, kokwamba, kankana, kuɓewa, gauta, alayyahu da suke kira mchicha, gwanda, abarba, lemun tsami, duk suna yi a nan. A kan waɗannan nake magana.

Wata rana wani dattijo ya zo da akwati uku na tumatir a bayan babur. Mai kyau ne, jiya aka tsinke shi. Shugaban kicin ya tsince, ya ware kusan rabi, wai girmansu bai zo ɗaya ba. Sauran aka karɓa, aka ce a kawo rasit mai lambar haraji, kuɗi kuma sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya kama. Ranar da ya zo karɓa na raka shi bakin ƙofa ina ba shi haƙuri, na ce, "Baba, ka sake kawowa mako mai zuwa." Ya ce, "Ɗana, a kasuwar Mwanakwerekwe da safe nake sayarwa, da azahar kuɗin taki na aljihuna. Ku kuwa farashinku ya fi, amma yunwa ba ta jiran ƙarshen wata." Bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Otal ma yana da tasa damuwar. Yana son kilo kaza duk Talata da Juma'a, ko ana ruwa ko ana rana. Manomi kuwa da damina yake tafiya. Babbar daminarsu, masika, daga Maris zuwa Mayu take, lokacin da baƙi suka yi ƙaranci har wasu otal ke rufewa. Bayanta kowa ya yi shuka iri ɗaya, kaya su fito tare, farashi ya faɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, lokacin da ɗakuna suke cike maƙil da mutanen Italiya da Jamus da Faransa, zafi ne da fari, wanda ba shi da rijiya da injin ban ruwa ba abin da zai kawo. A nan ne nake tuna ni'imar da muke da ita ba mu cika gode mata ba: ruwan dam ɗin Tiga da ke bin magudanai har cikin gonakinmu, wanda ya mayar da noman rani sana'ar gari guda.

Yanzu ga inda na saba da masu shirya tarurruka. Duk taron da aka kira a kan wannan batu, sai ka ji ana cewa a kawar da dillali, a haɗa manomi da otal kai tsaye. A nan dalali suke ce masa, kalma ɗaya ce da tamu, kamar yadda kanumfarinmu yake karafuu a bakinsu. Ni ban yarda a kawar da shi ba. Na san yadda muke zagin dillalai a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, wasu kuma sun ci zagin. Amma wa ke tara kayan manoma ashirin ya cika mota? Wa ke ba da kwando, ya ba da kuɗin iri tun kafin shuka, ya biya a take, shi kuma ya zauna jiran kuɗinsa daga Legas? 'Yan gwari sun gina hanyar amana da ta haɗa Kano da Legas ba tare da takarda ko ɗaya ba. Ita ce manomin Unguja ya rasa tsakaninsa da otal. Dillalan da ke da jari a nan sun fi ganewa su sayo daga Darussalam, inda za su sami komai wuri guda. Abin da ake buƙata shi ne mai tarawa na cikin tsibiri, ko mutum ne ko ƙungiyar manoma, wanda ke da ɗakin sanyi da mota da rasit, ya tsince kaya, mafi kyau ya kai otal, saura ya kai kasuwar Darajani, ya biya manomi ranar da ya karɓa. In gwamnati ko banki na son taimakawa, su ba wannan mutumin jarin da zai iya jiran wata biyu, su daina raba wa manoma riguna da littafin taro.

An taɓa yin irin haka a wani tsibirin. A Jamaika, tun shekarun 1990, kamfanin otal na Sandals ya shiga yarjejeniya da ƙananan manoma tare da malaman gona na gwamnati: a gaya wa manomi abin da ake so tun kafin ya shuka, a taimaka masa da iri, a yi alkawarin saye. Sirrin ke nan, manomi ya san mai sayensa kafin ya sa fartanya a ƙasa.

Ɗaya ɓangaren kuma na masu girki ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Baƙo ya biya kuɗi a kai shi gonar kayan ƙamshi a Kizimbani, ya sansana kanumfari da kirfa da citta, ya ɗauki hoto, ya dawo otal a ajiye masa abincin da zai iya ci a garinsu. Gonar ta zama abin kallo, kicin bai san da ita ba. Ana cewa baƙi ba za su ci abincin gida ba. To su wa ke cika lambun Forodhani kowane dare suna shan urojo, wani romo mai tsami, suna cin gasasshen rogo da ruwan rake? Pilau, wato shinkafa mai kayan ƙamshi, da ayaba dafaffiya da madarar kwakwa da mchicha, in aka gyara su aka sa a faranti mai kyau, ana cinye su tas, na gani da idona. Kowane kwano irin wannan da ya shiga jerin abinci, kuɗinsa a ƙauyen Unguja ko Pemba zai kwana.

Bana na samu manajanmu ya amince mu gwada da wata ƙungiyar mata daga tsakiyar tsibirin. Kaya uku kawai muka ɗauka, mchicha da kokwamba da lemun tsami, biya kuma duk Juma'a ta waya. Na zauna da su muka raba kwanakin shuka, kowace ta bi bayan 'yar'uwarta da mako guda, kamar yadda mahaifina yake raba fadamarsa kashi-kashi don kada tsinka ta zo masa rana ɗaya. Wata uku ke nan ba su saɓa ba, mu ma ba mu saɓa ba. Shugabarsu ta riga ta gaya mini rijiyarsu tana ja baya in kaskazi, wato lokacin zafi da fari, ya kama, don haka tun yanzu muke neman yadda za a ƙara mata zurfi kafin Disamba.