Ya bar banki ya shiga kwana-kwana, sai me?

Wallahi wasu ba sa gajiya da shiga abin da ba ruwansu. Tun jiya nake kallon yadda kuka taru a kan bawan Allahn nan da ya ajiye aikin banki ya shiga aikin kashe gobara, kowa na jefa masa tasa. Wannan ya ce korarsa aka yi yake ɓoyewa, wancan ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, wata kuma har da cewa ita kam ba za ta auri mai jan tiyo ba. To Hajiya, wa ya ce miki yana nema?

Masu cewa ya ci baya su ne suka fi ƙona min rai. Ci baya daga ina zuwa ina? Daga ƙirga kuɗin wasu zuwa fito da 'ya'yan wasu daga cikin hayaƙi? Madalla da wannan ci bayan. Ku da kuka ci gaba, kuna kwance kuna danna waya, Allah ya ƙara muku ɗaukaka.

A zatonku aikin riƙe tiyo ne a fesa ruwa. Kayan da ɗan kwana-kwana ke sawa, daga hular kwano da riga da wando masu kauri zuwa takalmi da tukunyar iskar da yake goyawa, sun haura kilo 20, kuma da su zai hau bene. Tukunyar da aka rubuta minti 30 a jikinta ba ta kai masa haka in yana haki. A cikin ɗakin da hayaƙi ya cika ba ya ganin ko tafin hannunsa. Rarrafe yake yi, hannu ɗaya na lalubar bango, ɗaya na bin tiyo, domin tiyon ne zai nuna masa hanyar fita. A ƙirjinsa akwai 'yar na'ura da ke kwarma ihu in ya yi kamar daƙiƙa 30 bai motsa ba, don abokan aikinsa su san inda ya faɗi. Wanda ya zaɓi wannan da hankalinsa, shi kuke cewa ya ci baya?

Na san abin da za ku ce: albashi. Eh, mai yiwuwa abin da zai riƙa karɓa bai kai na da ba. Shi bai san lissafi ba ne, mutumin da ya fito daga banki? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku bar masa aljihunsa.

Sai masu cewa ai 'yan kwana-kwana zaman banza suke a tasha, barci da hira. Wannan "zaman banzan" shi ne duba injin mota, gwada tsani, naɗe tiyo, cika tukwanen iska da atisaye, domin ranar da ƙararrawa ta kaɗa babu lokacin neman abin da ya lalace. Kuma ba gobara kaɗai ake kiransu ba. Mota ta kife mutum ya maƙale a ciki, su ne za su yanka ƙarfe su zaro shi. Gini ya rufta, su. Ambaliya, su. Masu ƙorafin cewa ruwansu na saurin ƙarewa kuwa, ku sani tankin motar ba ya wuce 'yan dubban lita, tiyo ɗaya kuma na zuƙe ɗaruruwan lita a minti guda. In babu famfon da za su jona, ba laifin mai riƙe da tiyo ba ne.

Yanzu bari in ajiye gatse in yi magana tsakani da Allah. Ni ma ina jin tsoro a madadinsa. Ranar 11 ga Satumba 2001, 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a harin da aka kai wa tagwayen dogayen benaye a New York, mutane na gudun saukowa su suna hawa. A 1986, 'yan kwana-kwana na cikin waɗanda suka fara isa tashar nukiliya ta Chernobyl a Ukraine a daren da ta fashe, kuma wasunsu ba su yi wata guda a duniya ba bayan wannan daren. Ko wanda ya tsira daga wuta bai gama tsira ba: a 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, saboda gubar da ke cikin hayaƙi da wadda ke maƙalewa a kaya da fata.

Ga kuma abin da babu mai ambata. Mutumin da jiya ake miƙe masa a ofis, yau shi ne ɗan koyo, yaron da ya girme wa ne zai daka masa tsawa a filin horo, ya ce sake. Zai kwana a tasha iyalinsa na gida, matarsa in ta ji jiniya gabanta ya faɗi. Ya san duk wannan, ya sa hannu a takarda. Wannan ba ci baya ba ne. In faɗa sau nawa? Ba ci baya ba ne. Ɗan'uwa, in wannan rubutun ya iso gare ka, Allah ya tsare ka, ya mayar da kai gida lafiya kullum.

Af, tunda an zo nan: don girman Allah ku daina watsa ruwa a kan man girkin da ya kama da wuta. Na ga wani a cikin masu zagin nan yana bugun ƙirji wai shi da bokiti ɗaya yake gama komai. Ruwan nutsewa yake ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya watso man da wutar har rufi. Ka kashe murhun, ka kife murfi a kai, ka bar shi ya huce. In kuma wutar lantarki ce, fara kashe mita kafin ka taɓa bokitin naka, Malam jarumi.