Ranar da Kilista Ta Ƙara Mini Tsawo

Wanda ya kalli Johannes Klæbo, ɗan wasan zamiyar ƙanƙara na ƙasar Norway, a talabijin yana haura tudu a guje, mutumin da ya kwashe zinare 6 a gasar duniya ta Trondheim a 2025, zai ce zamiya a kan dusar ƙanƙara ai tafiya ce da dogon takalmi. Ni ma haka na ce. Ashe rabin wasan yana cikin gwangwanin kaki.

Kaki biyu ake shafa wa allon zamiya. Na santsi a goshi da wutsiya, na riƙo kuma a tsakiya kawai, daga diddige zuwa gaba, don ya cafki ƙanƙara idan ka danna ƙafa. Shi na riƙon launi-launi ne: kore na tsananin sanyi, shuɗi na sanyin da ya gaza sifili da kaɗan, ja na lokacin narkewa. Siriri ake shafawa, a murje da toshiya. Sai kilista, wani danƙo mai kama da man goge baki, wanda aka yi don jiƙaƙƙiya ko daskararriyar ƙanƙara.

Ran nan a garin Lillehammer na Norway awon sanyi 8 ƙasa da sifili, ga sabuwar dusa. Aikin shuɗi ke nan. Ni kuwa na ce wa zai tsaya wasa da ɗan gwangwani alhali ga danƙo? Na malala kilista tun daga goshi har wutsiya.

Sabuwar dusa tsini gare ta, tana nutsewa cikin kaki mai laushi ta daskare, wata ta hau kan wata. Kafin in kai bishiyar farko kowace ƙafa ta ɗauki tubali. Ina ƙara tsawo, gaba kuwa ko taku. A gangare mutane na wucewa fuu, ni ina sauka da ƙafa.

Wata tsohuwa ta tsaya, da jaka a bayanta. Atisayen Birkebeiner take yi, tseren kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, inda dole kowa ya goya kilo 3.5 don tunawa da jaririn yarima Haakon da aka tsere da shi a 1206. Ta ɗaga allona, ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, wa ya shafa maka wannan?"

Na ce, "Wallahi Mama, aro na yi."

Ta ba ni makankari. Kilistar ta bar allo ta koma safar hannu, daga nan gemu, daga nan waya. Maƙwabcin da ya ara mini allon ma, da muka gaisa da yamma, sai da ya sa ƙarfi kafin ya karɓi hannunsa.