Yadda Na Sayi Winci Na Tuge Darbejiyar Mutane

Ina da gonar shinkafa a wajen Auyo, kusa da Haɗeja a Jihar Jigawa, kuma duk wanda ya san wannan fadama ya san cewa daga watan Agusta, idan kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, hanyar gonaki takan koma laka mai danƙo wadda ba ta jin kunyar kowace mota. Tawa Toyota Hilux ce mai ja da ƙafa huɗu, amma hakan bai hana ta kafewa ba. Samarin ƙauyen kuwa sun mayar da kafewata sana'a, domin da sun ji inji yana kuka mota ba ta gaba, sai su fito su duba iya inda taya ta nutse, sannan su yanka kuɗin turi daidai da zurfin. Abin da ya sa ke nan na ƙudura sayen winci, injin nan mai naɗe da doguwar igiya da ake ɗaurawa a gaban mota, don in riƙa fid da kaina ba tare da ciniki ba.

Ban tafi kasuwa da ka ba. Ƙa'idar masu harkar ita ce ƙarfin wincin ya kai aƙalla nauyin motar da lodinta sau ɗaya da rabi. Hilux idan an cika ta tana kusan tan 3, ke nan ina bukatar abin da zai ja tan 4 da rabi. Masu ƙera shi da laba suke rubuta ƙarfinsa: mai laba 9,500 yana jan kimanin kilo 4,300, mai laba 12,000 kuma kimanin kilo 5,400. Akwai kuma abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wato cikakken ƙarfin nan ba ya samuwa sai an warware igiyar kusan duka, saboda duk sanda ta ƙara hawa kan 'yar'uwarta a jikin gangar da take naɗuwa a kai, ƙarfin raguwa yake yi.

A Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, na tambayi kuɗin wani na kamfanin Warn na Amurka, da aka faɗa mini sai na yi salati na nemi kujera. Mai shagon ya jawo wani winci ɗan Sin mai laba 12,000, ya daddaki kwalinsa ya ce, "Alhaji, wannan ko tirela ce sai ta biyo shi." Saura zaɓen igiya. Ta ƙarfe tana da nauyi, silinta yana sukar hannu, idan kuma ta tsinke takan dawo da ƙarfin da zai iya illata mutum, shi ya sa ake yafa mata bargo mai nauyi a tsakiya lokacin ja. Ta zaren zamani ba ta da nauyi kuma haɗarinta kaɗan ne, sai dai rana da rairayi suna cinye ta, mu kuwa waɗannan biyun su ne abin da Allah ya hore mana. Na ɗauki ta ƙarfe.

Sai da na kai shi gida na gane cewa winci yana da dangi. Bambar motata ta roba ce, dole mai walda ya ƙera ta ƙarfe wadda za a ɗaure a jikin shasi. Mai wayarin ya ce injin yakan sha wutar lantarki amfiya kusan 400 idan ja ya yi ja, don haka sai sabon batir babba. Da aka gama, gaban motar ya ɗan sunkuya saboda nauyi, uwargida ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Maigida, yanzu motar ce za ta riƙa ɗaukar injin, ko injin ne zai ɗauke ta?"

Ranar gwaji ta zo bayan wani ruwan dare. Motar ta kafe har cikinta ya zauna, samari suka iso da fara'arsu, ni kuma na gaishe su cikin ladabi na ce su huta, yau ba sai sun ɓata tufafinsu ba. Na sa safar hannu, na kama ƙugiya, na ja igiya cikin taɓo ina tafiya da ƙasaita har ta kusa ƙarewa, sannan na ɗaga kai ina neman abin da zan ɗaura ta. Gabas shinkafa, yamma shinkafa, kudu da arewa ciyawar kachala. Abu ɗaya tak mai suna itace a wurin shi ne wata 'yar darbejiya a kan iyakar gona, kaurinta bai wuce cinyar mutum ba. Na naɗa mata ɗamara, na maƙala ƙugiya, na yafa bargo, na bar injin mota a kunne kamar yadda aka koya mini, na yi bisimilla na danna rimot.

Igiya ta miƙe, winci ya yi gurnani, motar ta ɗan girgiza. Daga nan sai darbejiyar ta rusuna, ta kwanta, ta taho wurinmu a hankali da saiwoyinta da ƙasarta, motar kuwa ko taƙi ba ta yi ba. Samarin nan, Allah ya saka musu, sai da suka juya baya kafin su yi dariya.

Mai gonar, wani dattijo, ya iso da fartanya a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara." Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Ɗan nan, ni na dasa ta don in sha inuwa. Amma wannan abin naka, yana tuge kututture?" Na ce da alama yana yi. Ya ce to ba sai mun je gaban dagaci ba.

Dabara ɗaya ta rage, wadda matafiya cikin rairayi suka sani: a haƙa rami mai zurfi, a binne safaya, a ɗaura igiya a jikinta. Shebur kuwa yana hannun samari. Suka yanka kuɗin haƙa, wanda ya fi na turi, ga shi ramin yana cika da ruwa sai ana kwashewa, wannan ma da kuɗinsa. Gaskiya dabarar ta ci, domin motar ta fito sumul, har na fara murmushi, sai shugabansu ya matso ya tambaye ni cikin girmamawa ko ina son safayar tawa, ko a bar ta a nan.

Na biya kuɗin tono. Asabar ɗin da ta biyo baya na wuni a gonar Baba ina tuge kututturan da suka gagari gatari, kuma dole in yaba wa ɗan Sin ɗin nan, bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Kafin la'asar maƙwabtansa sun yi layi, kowa da kututturensa, wani ma yana tambaya ko ina cire turken shanu. Shugaban samarin kuma ya aiko mini da gaisuwa, ya ce sun yi karo-karo sun sayi sababbin shebura, yana son sanin ranar da zan sake shigowa.