Gardamar asibitin gwamnati da na kuɗi ta manta da tambaya ɗaya: na wane ne?

Duk lokacin da likitoci suka tafi yajin aiki, tsohuwar gardama ce ke dawowa. Wasu su ce lafiyar jama'a hakkin gwamnati ce, wasu su ce gwamnati ta gaza, a sakar wa 'yan kasuwa. Masu kukan gazawa suna da hujja. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma Najeriya, mai masaukin baƙi, har yau tana kai-komo a wajajen kashi 5. Sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita. Ko a asibitin gwamnati, kati da awo da safar hannu da ruwan da za a ɗaura, duk a 'yar takarda ake rubutawa a ce je ka sayo.

Sai dai idan aka ce asibitin kuɗi, mu likitan unguwa muke hangowa, wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya kama gida mai ɗaki shida. Shi wannan kana iya roƙonsa ya ɗaga maka ƙafa, in ya ƙi a haɗa shi da limamin masallacinsu. Manyan asibitocin da ake mana kwatance da su ba haka suke ba.

Ɗauki labarin Abraaj, kamfanin zuba jari na Dubai wanda ɗan Pakistan Arif Naqvi ya kafa. Ya tara asusun dala biliyan ɗaya don gina asibitoci a ƙasashe irin su Najeriya, Kenya da Pakistan, da kuɗin Gidauniyar Gates da hukumar IFC ta Bankin Duniya da wasu hukumomin raya ƙasa na Turai. Da masu kuɗin suka fara tambayar ina kuɗinsu ya kwana, sai asiri ya tonu. Kamfanin ya durƙushe a 2018, aka kama Naqvi a Landan a 2019 bisa tuhumar zamba daga Amurka, tuhumar da ya musanta. Asusun ya koma hannun kamfanin TPG na Amurka da sunan Evercare, kuma a 2021 aka buɗe asibitinsu a Lekki da ke Legas. Ban ce asibitin ya cuci kowa ba. Abin lura shi ne, tun ba a kwantar da majinyaci ko ɗaya ba, ragamar ta sauya hannu tsakanin Dubai da Amurka, ba tare da mutumin Legas ya sani ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Steward a Amurka. A 2010 kamfanin zuba jari na Cerberus ya sayi wasu asibitocin Katolika guda shida a jihar Massachusetts, ya haɗa su a ƙarƙashin kamfanin Steward. A 2016 aka sayar da filaye da gine-ginensu kan dala biliyan 1.25, asibitocin suka koma 'yan haya a cikin gininsu. Masu jari suka kwashi rabonsu, haya ta ci gaba da taruwa, har a Mayun 2024 kamfanin Steward ya bayyana karyewa da asibitoci kusan 30 a hannunsa. An rufe biyu a Massachusetts kaɗai, ɗaya a unguwar masu ƙaramin ƙarfi ta Dorchester. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Irin wannan asusu yana da wa'adi, galibi shekara goma, sannan ya sayar ya fita da riba. Ciwon ƙoda da hawan jini kuwa ba su san wa'adi ba. Gwamnati, duk da lalacinta, ba ta da inda za ta gudu, kuma kana da ƙuri'ar da za ka hukunta ta.

Kada kuma mu ɗauka matsalar ta Turawa ce kawai. Kowa ya san yadda ake ce wa majinyaci da safe injin ya lalace, a yi masa kwatancen wani wuri a cikin gari, da yamma ya tarar da wanda ya tura shi ne zaune a can. A nan ma tambayar ɗaya ce: na wane ne?

Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 zuwa sama na hannun jarin kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe rajistar masu ainihin iko da kamfanoni. Amma matar da ta kawo yaro mai suma da tsakar dare ba za ta hau intanet bincike ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi, da su ke ba da lasisi, su sa sharaɗi: a liƙa sunayen masu asibiti a wurin yankar kati, a nuna idan akwai ma'aikacin gwamnati a cikinsu, kuma kada a sayar da fili ko ginin asibiti sai da izinin ma'aikatar.